Hukunci Tun Kafin Kallo: Masoyan Star Trek da Rigimar Somin-Taɓi

Ranar 23 ga watan Yulin 2016, a babban taron masoya fina-finai da littattafan zane da ake yi duk shekara a birnin San Diego na Amurka, wanda aka fi sani da Comic-Con, kamfanin talabijin na CBS ya haska wani ɗan gajeren bidiyo da bai kai minti biyu ba. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa, babu hira, babu labari. Wani jirgin sararin samaniya ne kawai ya sulalo daga cikin wani ƙaton dutse da aka fafe, aka nuno sunansa da lambarsa, USS Discovery, NCC-1031, kiɗa ya tashi, jirgin ya wuce. Iyakarsa ke nan. Amma taron bai watse ba sai da gardama ta kaure daga Amurka har zuwa Turai. Wasu suka ce jirgin mummuna ne, faifai ne kurum aka liƙa a gaban wani abu mai kusurwa uku. Wasu suka ce aikin kwamfutar da aka yi masa bai wuce na wasannin bidiyo ba. Akwai kuma waɗanda tun daga wannan rana suka yanke hukuncin cewa shirin gaba ɗayansa ba zai yi armashi ba, alhali a lokacin ba a fara ɗaukarsa ba, ba a ma sanar da sunan ɗan wasa ko guda ba. Sai bayan wata goma sha huɗu, ranar 24 ga Satumban 2017, aka nuna kashin farko na Star Trek: Discovery.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan shi ne, al'adar sakin somin-taɓi kafin fitowar shiri ta daɗe da ƙetarowa zuwa gare mu. Ɗalibanmu suna kallon waɗannan shirye-shirye a wayoyinsu a makon da aka sake su a Amurka, kuma masu shirya fina-finai masu dogon zango a Kano sun rungumi salon, suna sakin tsakuren zango mai zuwa a YouTube, jama'a su yi ta tafka muhawara a kai. Wanda ya ga ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan sauya jarumar da ke fitowa a matsayin Sumayya a shirin Labarina ya san irin zafin da mai kallo ke ɗauka idan aka taɓa labarin da ya saba da shi. Star Trek yana cikin shirye-shiryen da suka fi tsufa a wannan fage, don haka a kansa ne abin ya fi fitowa fili. Abin da nake gani shi ne, hayaniyar da ke biyo bayan somin-taɓi gardama ce a kan wanda ya mallaki labari, tsakanin kamfanin da ke riƙe da takardun mallaka da jama'ar da suka raya labarin shekara da shekaru, kuma a wannan gardama marubucin labarin ne ya fi kowa shan kashi.

Somin-taɓi talla ce, kuma ya kamata a fara daga nan. Sunan da Turawa ke kiran babban yayansa, wato tirela, kalma ɗaya ce da tirelar da ke bin hanyoyinmu, abin da ake ja a baya, domin a farkon zamanin silima bayan an gama fim ake nuna tallar mai zuwa. Daga baya aka dawo da ita gaba saboda mutane ba sa tsayawa, sunan kuma ya zauna. A Hollywood, sau da yawa ba daraktan shiri ne ke haɗa tallarsa ba. Akwai kamfanoni na musamman da sana'arsu ke nan, a ba su hotunan da aka ɗauka, su tsinci abin da zai fizgi ido, su ɗora kiɗan da ba lalle ya kasance a cikin shirin ba, wani lokaci har da fitowar da za a yanke kafin a saki fim ɗin. A shekarar 2022 wasu mutum biyu suka kai kamfanin Universal ƙara a Kalifoniya, saboda sun biya kuɗi sun kalli fim ɗin Yesterday don sun ga jaruma Ana de Armas a tallarsa, sai suka tarar an cire ta baki ɗaya. Kamfanin ya kare kansa da cewa talla aikin fasaha ce mai zaman kanta. Alƙali ya ƙi amincewa, ya ce tirela tallar haja ce, kuma dokar hana yaudarar mai saye tana iya hawa kanta. Ƙarar ba ta kai masu ita ga wata riba ba daga bisani, amma ta fayyace matsayin abin. Wanda ke yanke wa shiri hukunci daga somin-taɓinsa tamkar mai ƙiyasta daɗin tuwo ne daga kirarin mai talla.

Sai dai masoyan Star Trek suna da hujjar da masoyan sauran shirye-shirye ba su da ita, kuma rashin adalci ne a yi watsi da ita. Gene Roddenberry ya fara shirin a tashar NBC ranar 8 ga Satumban 1966, kuma bai samu masu kallo yadda tashar ke so ba. Da aka ji raɗe-raɗin za a dakatar da shi bayan zango na biyu, wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John suka jagoranci gangamin rubuta wasiƙu zuwa ga tashar, ɗalibai kuma suka yi tattaki zuwa ofishinta na Burbank a farkon 1968. NBC ta ƙara zango ɗaya, ko da yake ta rage masa kuɗi ta kuma jefa shi ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida. A 1969 aka rufe shi da kashi 79. (A shekarar ce Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ga mai tunanin almarar kimiyya baƙuwa ce a Hausa.) Wannan zango na uku da masoya suka ƙwato shi ya sa kashin shirin suka yi yawan da ƙananan tashoshi za su iya saye su riƙa maimaitawa kullum, kuma a wannan maimaici ne Star Trek ya zama abin da ya zama. Masoyan ne suka riƙa shirya taruka da buga mujallu da kuɗin aljihunsu tsawon shekarun 1970, lokacin da babu sabon abu a talabijin in ban da wani gajeren shirin zane. Su ne suka yi wa Shugaba Gerald Ford ruwan wasiƙu har aka sauya sunan kumbon gwaji na farko na hukumar NASA daga Constitution zuwa Enterprise a 1976. Mutanen da suka yi wannan ba za su taɓa kallon kansu a matsayin masu saye kawai ba. Masanin nan Henry Jenkins, a littafinsa Textual Poachers na 1992, ya kwatanta irinsu da mafarauta a dajin da ba nasu ba: ƙasar ta wani ce a takarda, amma su suka san kowane lungu nata.

Kuma dajin yana da mai shi, ya ma tuna musu da hakan ana dab da sakin wancan bidiyo. A watan Disamban 2015, CBS da Paramount suka maka masu shirya wani fim na masoya mai suna Axanar a kotu, bayan sun tara gudunmawar fiye da dala miliyan ɗaya daga jama'a. A watan Yunin 2016, wata guda kafin taron San Diego, kamfanonin suka fitar da ƙa'idoji: fim ɗin masoya kada ya wuce minti 15, ko kashi biyu da ba su haura minti 30 ba, kuma kada a tara fiye da dala 50,000. Ga shi an riga an sanar cewa a Amurka kashin farko kaɗai za a nuna kyauta, sauran sai wanda ya biya dala 5.99 a wata a sabuwar manhajar CBS All Access. Tun da aka rufe Enterprise a 2005 babu sabon Star Trek a talabijin. Saboda haka mutanen da suka zauna kallon somin-taɓin nan mayunwata ne, kuma ransu a ɓace yake tun kafin a kashe fitila. Rabin abin da aka faɗa a kan jirgin, da kamfanin ake.

Batun jirgin kansa yana da ban dariya. Siffar da aka ce ta saɓa wa Star Trek, daga cikin taskar Star Trek aka ɗauko ta. Jagoran shirin na lokacin, Bryan Fuller, wanda ya fara sana'arsa da rubuta wa Deep Space Nine da Voyager labari, ya koma ne ga wasu zane-zane da Ralph McQuarrie ya yi a shekarun 1970 don wani fim ɗin Star Trek da ba a kai ga yi ba. Wato ɗan gida ne ya yi wa 'yan gida kwalliya da kayan gado, suka ce baƙo ya shigo. Duk da haka, masu sukar ingancin hoton sun yi gaskiya. An haɗa bidiyon cikin gaggawa don a cim ma taron, masu shirin ma sun ce zanen bai kammala ba, kuma jirgin da ya fito a 2017 an gyara masa faifai, an tsawaita injinansa, ya fi na farko tsari nesa ba kusa ba. Irin wannan suka tana da amfani, domin a kan abin da ido ya gani aka yi ta, ba a kan abin da zuciya ta raya ba. Fuller dai bai ga ƙarshen aikin ba. Ya sauka a watan Oktoban 2016, bayan an ɗage fitowar shirin daga Janairu zuwa Mayu, daga baya aka sake ɗagewa zuwa Satumba, kuma kowace ɗagewa ta zama sabuwar hujja a hannun waɗanda suka riga suka ce abin ba zai yi ba.

Babbar rigimar ta zo ne a watan Mayun 2017, da aka saki cikakkiyar talla. A nan aka fara ganin Klingonawa, wata al'umma ta mayaƙa daga wata duniya, waɗanda ke cikin labarin tun 1967. An nuno su ba gashi ko ƙwaya, kawunansu dogaye, fatarsu wata baƙa wata toka-toka, tufafinsu kamar an saƙa da ƙaya. Masoya suka ce waɗannan ba Klingonawa ba ne. Shirin an ce yana faruwa ne shekara goma kafin zamanin Kyaftin Kirk, to ta yaya mutanen da za su yi kama da 'yan Adam masu gemu bayan shekara goma za su kasance haka? Tambayar tana da ma'ana a wurin wanda ya ɗauki labarin a matsayin tarihi guda mai silsila, kuma haka masoyan suke ɗaukarsa, suna tantance abin da ya inganta da wanda bai inganta ba da irin tsanani da za ka rantse a kan tarihin kakanninsu ake magana. Ban raina wannan ba. Labarin da ya kai shekara hamsin yana rayuwa ne da amanar da ke tsakaninsa da mai kallo, cewa abin da aka faɗa jiya yana nan yau.

Amma tarihin da suke karewa shi ma cike yake da faci. Klingonawan 1967 mutane ne da aka shafa wa hoda mai duhu aka liƙa wa gira da gashin baki, don kuɗin da ke akwai ke nan. Da aka samu kuɗi a fim ɗin 1979, sai aka ba su goshi mai tudu-tudu ba tare da wani bayani ba. A 1996, a wani kashi na Deep Space Nine da jaruman suka koma zamanin Kirk, aka tambayi Worf, wanda shi Baklingone ne, dalilin bambancin, ya ce ba sa tattauna maganar da bare. Barkwanci ne, marubutan suna yi wa kansu dariya. Sai a 2005 shirin Enterprise ya ɓata kashi biyu cur yana ƙirƙiro wata cuta da ta shafe musu goshi, don a rufe bakin masu tambaya. Ma'ana an yi shekara 26 ana zaune lafiya da saɓanin. Haka kuma da aka sanar a Yulin 2017 cewa jarumar shirin, Michael Burnham, 'yar riƙo ce a gidan su Spock, aka yi ca, wai ina aka taɓa jin Spock yana da 'yar'uwa. An manta cewa a fim ɗin 1989 haka aka tsinko masa wani wa mai suna Sybok daga sama. Abin da kowane mai kallo ke kira asali, galibi shi ne siffar da ya tarar lokacin da yake yaro. A 1987 ma da aka ce wani Baturen Ingila mai sanƙo, Patrick Stewart, shi zai jagoranci sabon jirgin Enterprise, tsofaffin masoya sun yi tir, suka ce babu Star Trek ba tare da Kirk da Spock ba. Shirin ya yi zango bakwai, kuma waɗanda suka tashi da shi su ne suka zama masu tsaron ƙofa a 2017.

Akwai wata murya dabam da ta cuɗanya da waɗannan, kuma ita ba ta cancanci uzuri ba. Tallar ta Mayu ta buɗe ne da mata biyu suna tafiya a hamada: Sonequa Martin-Green, baƙar fata 'yar Amurka, mace baƙar fata ta farko da ta ja ragamar wani shirin Star Trek, da Michelle Yeoh 'yar Malesiya a matsayin kyaftin, tana magana da karin harshenta na gida. Wasu suka fito suna kukan cewa an kori farin namiji daga sararin samaniya, har da masu kiran abin kisan kiyashi ga fararen fata. Mutum sai ya yi mamakin wane shiri suka yi shekaru suna kallo. Tun 1966 Nichelle Nichols ke zaune a ɗakin sarrafa jirgin a matsayin Uhura, sunan da aka samo daga kalmar Swahili mai nufin 'yanci, kuma ta sha ba da labarin yadda Martin Luther King ya hana ta barin shirin lokacin da ta yi niyya. Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce Uhura ce ta zaburar da ita. George Takei, wanda aka tsare shi da iyayensa a sansanin Amurkawa 'yan asalin Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne matuƙin jirgin. An sa ɗan Rasha a cikin ma'aikatan a tsakiyar yaƙin cacar baki. Avery Brooks, baƙar fata, ya jagoranci Deep Space Nine daga 1993, Kate Mulgrew kuma ta zama kyaftin ɗin Voyager a 1995.

Ko a ma'aunin nasu ma, masu wannan kuka sun yi kuskuren lissafi, kuma a nan ne wautar yanke hukunci daga talla ta fi bayyana. Kyaftin ɗin da Michelle Yeoh ta fito a matsayinta an kashe ta a ƙarshen kashi na biyu. Jirgin Discovery bai bayyana ba sai a kashi na uku, kuma kyaftin ɗinsa farin namiji ne, Jason Isaacs ɗan Ingila, wanda aka sanar da ɗaukarsa tun watan Maris. An yi wata huɗu ana zage-zage a kan wani shiri da babu shi. Ba kuma sabon abu ba ne. A Nuwamban 2014, somin-taɓin Star Wars mai daƙiƙa 88 ya buɗe da fuskar John Boyega, haifaffen Landan da iyayensa 'yan Nijeriya ne, sanye da kakin sojan daular, aka yi ta surutun cewa baƙar fata ba ya sa wannan kaki. Amsar da ya bayar gajeriya ce, cewa su saba da gani.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda cuɗanyar waɗannan muryoyi ke yi wa kowa daɗi in ban da mai son gaskiya. Mai wariya yana fakewa da mai kishin silsila, ya ce shi goshin Klingonawa ne damuwarsa. Kamfani kuma yana fakewa da mai wariya, duk wanda ya ce rubutun shirin yana da rauni sai a haɗa shi da masu ƙin baƙar fata, a huta da amsa masa. Discovery yana da raunin da ya cancanci a tattauna: nauyin robar da aka liƙa wa Klingonawa ya hana fuskokinsu motsi ya kuma danne muryoyinsu, ga dogayen jawabai da Klingonanci, ga duhu da zubar da jini da suka yi nisa da kyakkyawan zaton da aka san Star Trek da shi. Waɗannan maganganu sun nutse a cikin ihu. Sannan ihun kansa haja ne. Akwai masu tashoshin YouTube da abincinsu ya dogara ga fusata, suna tsaga tallar minti biyu su fitar da bidiyon minti arba'in, kuma tsarin manhajar ya fi tura abin da ke tayar da jijiya. Kamfanin ma bai yi asara ba. An ruwaito cewa kowane kashi ya ci kimanin dala miliyan 8, Netflix ya sayi ikon nunawa a ƙasashe 188, fiye da mutum miliyan 9 suka kalli kashin farko a tashar CBS, kamfanin kuma ya ce bai taɓa samun sababbin masu rajista a rana guda kamar na wannan rana ba. Wanda ya zagi talla ya yaɗa ta, kamar yadda wanda ya yabe ta ya yi.

Kada a ɗauka cewa ihun yana hasashen makomar shiri. Discovery da aka yi wa jana'iza tun 2016 ya yi zango biyar, kashi 65, ya ƙare ranar 30 ga Mayun 2024, kuma a bayansa ne aka samu Picard da Lower Decks da Strange New Worlds. The Acolyte na Star Wars kuwa, wanda Disney ya yi alfaharin an kalli tallarsa fiye da sau miliyan 50 a yini guda a Maris ɗin 2024, kuma aka yi wa jarumarsa Amandla Stenberg irin cin mutuncin da aka yi wa na baya, an dakatar da shi a watan Agusta bayan kashi takwas. Masu zagi suka yi shelar nasara, masu kare shi suka ce ƙiyayya ce ta kashe shi, shugabannin kamfanin kuma suka ce yawan masu kallo ne bai kai kuɗin da aka kashe ba. Yawan kallon talla bai cece shi ba, yawan tsinuwa kuma bai kashe Discovery ba. Su kansu masu manhajojin sun san ma'aunin ya lalace: Rotten Tomatoes ya hana jama'a yin sharhi a kan fim kafin fitowarsa tun 2019, YouTube kuma ya ɓoye adadin masu nuna ƙin bidiyo a 2021.

Inda ihun yake da tasiri na gaske shi ne ɗakin marubuta. A kan kawo misalin Sonic the Hedgehog, wanda aka soki siffar jaruminsa a tallar Afrilun 2019, darakta ya amsa laifi, aka ɗage fim ɗin zuwa Fabrairun 2020, aka sake zanen, ya kuma yi kasuwa. Amma can gyaran siffa aka yi, ba a taɓa labari ba. Haka ma roƙon da masoya suka yi a ba Anson Mount nasa shirin bayan sun ga yadda ya fito a matsayin Kyaftin Pike, wanda ya haifar da Strange New Worlds a 2022, hukunci ne da aka yanke bayan kallo, kuma shi ya sa ya yi daidai. Abin da ya faru da Discovery dabam ne. Masu shirin sun zo da wani tunani, cewa Klingonawa su koma baƙi na gaske masu ban tsoro, al'ummar da ke yaƙi don tsoron kada wayewar wasu ta haɗiye tata. Tunani ne mai nauyi, kuma duk wanda ya fito daga ƙasar da aka yi wa mulkin mallaka zai gane shi. Aiwatarwar ta yi rauni, gyara take buƙata. Maimakon haka sai aka ja da baya. A zango na biyu gashin Klingonawa ya dawo, aka ce ai dama aske kai suke yi lokacin yaƙi. Aka shigo da Pike da Spock da jirgin Enterprise don a kwantar da hankalin tsofaffin masoya. Marubucin da ke rubutu da kunne ɗaya a kasuwa ba zai iya riƙe tunani ya kai shi gaci ba, kuma mai kallon da ya tilasta masa hakan ya hana kansa jin abin da bai taɓa ji ba. Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893, matsin masu karatu da tayin kuɗin mawallafa suka sa ya dawo da shi, amma shi ya samu shekara goma yana tunani kafin ya tashe shi. Marubucin yau kwana goma ma ba ya samu.

A kashin ƙarshe na zango na biyu, cikin Afrilun 2019, aka cilla jirgin Discovery da mutanensa shekara 930 zuwa gaba, ƙarni na 32, inda babu wani tsohon tarihi da za su taka. Waɗanda aka bari a baya suka shaida wa hukuma cewa jirgin ya tarwatse, Spock kuma ya ba da shawarar a haramta ambaton jirgin da ma'aikatansa, duk wanda ya yi a tuhume shi da cin amanar ƙasa. Da haka aka amsa tambayar dalilin da ya sa bai taɓa zancen 'yar'uwarsa ba. Da Klingonawa suka sake bayyana a Strange New Worlds cikin Yunin 2023, a zamanin da bai fi 'yan shekaru da na Discovery ba, sun zo da dogon gashinsu da gemunsu da goshinsu irin na shekarun 1990, kuma babu wanda ya yi bayanin komai.